Kamarar Baba ta taune kaset a hannuna, faifan kuma ya ƙi yi a ɗakin Inna

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Birnin Kebbi, ni ne auta a ɗakinmu. Mahaifinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Da ake haɗa kayansa aka samu tsohuwar kamararsa ta bidiyo, Sony, da ƙananan kaset guda 12 masu rubutun MiniDV a jiki. A ciki akwai bikin auren yayata na 2006, da sunan jikokinsa, da hawan salla, da wanda ya ɗauka a bikin kamun kifi na Argungu. Inna ta ce ba ta da burin da ya wuce ta sake ganin fuskarsa ta ji muryarsa, kuma a na'urar DVD ta ɗakinta take so, don idonta ba ya iya kallon waya. Da yake ni ake gani da kwamfuta a gida, sai na ce zan yi. Babban yayanmu da ke aiki a Gusau ya turo kuɗin kayan aiki.

Tun daga nan ban ga daidai ba. Na haɗa kamarar da laftof ɗina da wayar USB, hoton ya fito ɗan ƙarami, dishi-dishi. Na sayi wata 'yar na'ura mai wayoyi uku, rawaya da fara da ja. Da ita hoton ya shiga, amma can tsakiya sai magana ta riga baki. Na kwafe fayil ɗin a faifai, yana yi a kwamfuta, a ɗakin Inna kuma na'urar ta ce babu faifai. Na ɓata faifai da dama. Filash ma ya ƙi karɓar fayil ɗin alhali akwai wuri. Abin da ya fi damuna, kamarar ta taune zaren kaset ɗin da Baba yake yi wa yayata nasiha ranar da za a kai ta ɗaki. Na ciro shi na ɓoye, ban gaya wa kowa ba.

Yanzu Yaya ya fara fushi, ya ce in tattara in kai wa masu ɗaukar biki su yi. Yayata ta ce ba ta yafe ba in wani bare ya kalli kaset ɗin kamunta, don mata ne zalla ba mayafi, mijinta ma ya goya mata baya. 'Yan ɗayan ɗakin sun fara cewa mun riƙe kayan gado. Inna ba ta cewa komai, sai dai kullum ta ce min "ya aikin?" Malam, ina mafita?

Auta, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba Inna da ku duka haƙurin rashinsa. Ka ɗauki aikin nan ne don ka faranta wa mahaifiyarka, kuma wannan niyyar tana nan ba ta ɓaci ba. Matsalolin kwamfutar da ka lissafa duk sanannu ne, kowace tana da dalili kuma tana da magani. Babu wadda ta nuna rashin iyawarka, kayan aikin da ke hannunka ne ba su dace da kaset ɗin ba. Sai dai zan roƙe ka abu guda tun daga farko: ka ajiye maganar faifai tukuna. Faifai kwafi ne, in ya lalace a buga wani gobe. Abin da ba shi da madadi shi ne abin da ke cikin kaset 12 ɗin nan, kuma aikinka na farko shi ne ka fito da shi lafiya ka adana. Da zarar ya shiga rumbun ajiya na kwamfuta, sauran aikin mai sauƙi ne.

Don haka daga yau kada ka sake saka wani kaset na Baba a kamarar nan. A gefen kowane kaset akwai ɗan maɓalli mai zamewa, gefe guda an rubuta REC, ɗayan SAVE. Ka mayar da duka 12 ɗin kan SAVE, don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kansu. Kamarar da ta taune zare sau ɗaya za ta iya sakewa, domin yawanci ba kaset ne da laifi ba. A cikinta akwai 'yar tayar roba da ke matse zaren tana jan shi, kuma in na'ura ta yi shekaru a ajiye, robar takan bushe ta yi tauri, maiƙon cikin kuma ya daskare. Ka tuna zafin Kebbi a Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, ka ga abin da kamarar ta sha a cikin durowa. Ka kai ta wurin mai gyaran kamara ko tsohon mai gyaran bidiyo, ita kaɗai ba tare da kaset ba, ya goge hanyar zaren ya duba robar. In ta dawo, ka fara gwada ta da kaset ɗin da babu komai a ciki: ka kunna, ka tura gaba, ka dawo baya, ka ciro ka duba zaren. Sai ta wuce wannan gwajin sannan a ba ta amanar na Baba.

Yanzu ga wanda ka ɓoye, don na san shi ne yake hana ka barci. Zaren MiniDV yana tafiya ne a hankali, ƙasa kaɗan da santimita 2 a daƙiƙa. Ke nan ko da mita guda cur ta cukurkuɗe, abin da ya taɓu bai kai minti ɗaya ba a cikin kaset na awa guda. A yawancin lokuta ma abin da ke taunewa bai wuce tsawon tafin hannu ba, wato 'yan daƙiƙoƙi. Akwai kyakkyawan zato cewa nasihar Baba tana nan kusan dukanta. In zaren bai tsinke ba, ka wanke hannu ka bushe shi sosai, ka sa tsinke a ɗan ramin da ke ƙasan kaset ɗin don sakin makullin, sannan ka juya tayar a hankali har zaren ya koma ciki ba tare da ya murɗe ba. Kada ka goge shi da dutsen guga, kada ka sa masa salatif ko gam, domin ɗankon zai manne a kan da ke karanta hoton ya kashe kamarar gaba ɗaya. In kuwa ya tsinke, ko kana jin hannunka ba zai tsaya ba, ka bar shi yadda yake a cikin gidansa sai an samu gwani. Shi za ka yi a ƙarshen duka, bayan kamarar ta nuna lafiyarta a kan sauran, kuma ka danna ɗauka a kwamfuta tun kafin ka kunna shi, don wataƙila sau ɗaya zai yarda ya wuce wurin.

Amma ɓoyewar, ƙanena, ita ba za ta ci gaba ba. Taunewar ƙaddara ce da za ta iya faruwa a hannun kowa, har a hannun mai shagon da Yaya yake so ka kai wa. Malamai ma suna cewa wanda aka ba ajiya ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci, kai kuwa kunna kaset ka yi a cikin kamarar da aka yi domin sa. Shirun ne zai iya zama laifi, domin ranar da wani ya gano da kansa, ba za a tambaye ka yadda zaren ya taune ba, za a tambaye ka me ya sa ka yi shiru, kuma a gidan da aka riga aka fara maganar riƙe kayan gado, wannan tambayar tana da nauyi. Ka kira Yaya a cikin makon nan. Ka ce masa: "Yaya, akwai abin da ya faru na ji nauyin faɗa maka. Kamarar ta taune ɗan wani wuri a kaset ɗin bikin, na tsayar da aikin don kada ta ɓata sauran, ga kuma abin da nake shirin yi." Mai yiwuwa ya yi faɗa, ka yi haƙuri ka saurare shi. Daga nan sai yayarka, don ita aka yi wa nasihar, ta fi kowa haƙƙin sani. Inna kuwa, ku ukun ku shawarta yadda za a gaya mata. Ni a ganina babu laifi a jira har a san iyakar ɓarnar, don kada a ɗaga mata hankali a kan abin da wataƙila daƙiƙa goma ne. Amma in ta tambaye ka kai tsaye, ka gaya mata gaskiya.

Mu koma kan kwamfuta. Kafar USB da ke jikin irin waɗannan kamarori an yi ta ne don kwashe hotunan da ba sa motsi, ko aika ɗan ƙaramin bidiyo mara nauyi, shi ya sa ka ga hoton dishi-dishi. Ainihin hanyar da aka tanada wa MiniDV ita ce wayar FireWire. Sony suna kiranta i.LINK, a wasu na'urorin kuma za ka ga an rubuta DV ko 1394. Ka duba ƙarƙashin 'yan marufan roba da ke jikin kamarar, za ka ga wata 'yar kafa mai ɗan lotsawa a gefe guda, ita ce. Ta wannan wayar, abin da ke kan zaren yana shiga kwamfuta yadda yake, ba ragi ba ƙari, hoto da murya a haɗe. Cikas ɗin shi ne laftof na yanzu sun daina zuwa da wannan kafar. Kada ka yarda a sayar maka da waya mai USB a kai ɗaya da FireWire a ɗaya kan, ana sayar da su amma ba sa wannan aikin. Abin da za ka nema ɗaya ne cikin biyu. Ko dai tsohon laftof na wajajen 2005 zuwa 2010, da yawansu suna da kafar 1394 a gefe, kuma ba a rasa su a wurin masu gyaran kwamfuta ko a ɗakin wani ɗan'uwa da ya daina amfani da nasa. Ko kuma kwamfutar tebur da za a saka mata katin FireWire a ciki. In ba a samu katin a Birnin Kebbi ko Sakkwato ba, masu shagon kwamfuta da ke saro kaya daga Kano ko Legas za su iya haɗo maka. Aro ma ya wadatar, don aikin na ɗan lokaci ne. In ka samu mai Windows 7 ka fi samun sauƙi. A Windows 10 wani lokaci kwamfutar ba ta ganin kamarar sai an saka mata tsohon direban 1394, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, wanda Microsoft suka fitar saboda wannan matsalar.

Wajen haɗawa ka kiyaye abu guda da ya kashe kamarori da yawa: ka kashe kamarar da kwamfutar duka kafin ka cusa wayar, ka tabbata kan ya shiga daidai ba a juye ba, sannan ka kunna kwamfuta, sai kamara a ƙarshe, ka sa ta a wurin kallo, inda aka rubuta PLAY ko VCR. Babbar kafar da ke jikin kwamfutar tebur tana ɗauke da wuta, kuma in aka cusa ta a karkace tana iya ƙona kafar kamarar. Akwai 'yar manhaja ta kyauta mai suna WinDV, ba ta da nauyi, aikinta ke nan kawai. Tana nuna maka adadin hotunan da suka zube a hanya, kuma abin da kake so shi ne lambar ta tsaya a sifili. Babu gaggawa a wannan matakin, kaset na awa guda awa guda zai ci. Saboda haka ka zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta, ko sola ko janareto, ka jona kamarar da cajarta maimakon dogaro da tsohon batirinta, ka hana kwamfutar yin barci, ka rufe duk wata manhaja. In ka ga hoton yana fashewa gida-gida ko ratsi-ratsi a kwance, kan kamarar ne ya yi datti. Akwai kaset na musamman na goge shi, ana kunna shi kamar daƙiƙa 10, ba a yawaitawa don yana cin kan. Wannan kamarar ta Baba tana da wani amfani kuma: in akwai kaset ɗin da ya ɗauka a tsarin LP, mai ba da minti 90 maimakon 60, ya fi karantuwa a na'urar da ta ɗauke shi. Shi ya sa na fi son a gyara ta a kan a nemo wata.

Kowace awa ta MiniDV tana cin kusan GB 13, ka ga kaset 12 za su kai GB 156. Ka nemi rumbun ajiya na waje mai GB 500, in da hali guda biyu, ɗaya a hannunka ɗaya a Gusau wurin Yaya. Kowane kaset ka buɗe masa folda da suna da shekara. Nan ne kuma amsar filash ɗinka take: filash da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai GB 4, komai yawan wurin da ya rage. Ka kwashe abin da ke ciki, ka yi masa fomatin zuwa NTFS ko exFAT, zai karɓa.

In FireWire ta gagara gaba ɗaya, na'urarka mai wayoyi uku za ta iya yi, sai dai hoton ba zai kai na asali kyau ba. Saɓanin da ke shiga tsakanin magana da baki yakan faru ne saboda kwamfutar tana zubar da wasu hotuna idan aiki ya yi mata yawa, murya kuwa tana tafiya ba ta tsayawa, sai tazarar ta riƙa ƙaruwa har ta fito fili can tsakiya. Ka rage mata nauyi, ka ɗauka a rumbunta na ciki ba a filash ba, ka yanka aikin minti 15 ko 20, ka sa murya a kan 48 kHz, wanda shi ne ma'aunin da faifan DVD yake aiki da shi. Amma ni dai da zan zaɓa maka, da na ce ka jure wahalar neman FireWire, tunda sau ɗaya za a yi aikin nan kuma jikoki za su gada.

Sai maganar faifan da ya ƙi yi. Abin da ka yi shi ne ka zuba fayil a faifai kamar yadda ake zubawa a filash. Kwamfuta ta san yadda za ta buɗe shi, na'urar Inna ba ta sani ba. Tamkar ka kai mata shinkafa shanshera ne a kwano: abincin yana ciki, amma sai an sussuka an dafa. Na'urar DVD tana neman bidiyon da aka juya zuwa tsarin MPEG-2, aka jera shi a cikin folda mai suna VIDEO_TS, da fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP. Ka saka ɗaya daga faifan da ka buga a kwamfuta ka duba, in ba ka ga wannan foldar ba, ka gano matsalar. Manhajar da ke wannan shirin akwai DVDStyler, kyauta ce, yawancin Windows 7 kuma suna zuwa da Windows DVD Maker a ciki. Ka zaɓi PAL, wato tsarin talabijin da Nijeriya take bi, ka bar siffar hoton a 4:3, irin ta tsohon talabijin, in haka Baba ya ɗauka, don kada fuskoki su baje. Faifai na yau da kullum GB 4.7 yake ɗauka, kuma awa guda tana zama a cikinsa da kyawunta. Saboda haka kaset ɗaya, faifai ɗaya. Kada ka matsa awa uku a faifai guda don tsimi, idon Inna yana buƙatar hoto mai haske.

Don kada ka ƙara asarar faifai, ka sa manhajar ta fara fitar maka da fayil ɗin ISO, wato hoton faifan a cikin kwamfuta. Ka buɗe shi da manhajar VLC, ka kalli farko da tsakiya da ƙarshe, ka tabbata baki da murya suna tafiya tare. Sai ka gamsu sannan ka buga da manhajar ImgBurn. Ka sayi DVD-R, don tsofaffin na'urori sun fi karɓarsa a kan DVD+R, kuma ka nemi mai suna irin Verbatim maimakon na tsibi mara kwali. Ka rage gudun bugawa zuwa 4x ko 8x, ka bar manhajar ta sake karanta faifan ta tabbatar bayan ta gama. Faifan da aka bari a buɗe don a ƙara wani abu daga baya ma ba ya yi a na'urar ɗaki, dole a rufe shi, ImgBurn kuma tana rufewa da kanta in daga ISO ka buga.

Akwai wasu abubuwa biyu da za su iya ba ka mamaki. Nijeriya tsarin PAL take bi, hoto 25 a daƙiƙa, Amurka da Japan kuwa NTSC. In kamarar Baba daga can ta fito, kaset ɗin NTSC ne. Za ka gani a rubuce a jikinta, kuma a kamarorin Sony lambar samfurin da ta ƙare da harafin E ta PAL ce. In NTSC ce, ka buga faifan a NTSC yadda yake, yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu suna karanta duka biyun. In hoton ya fito fari da baƙi ko yana birgima, ka shiga saitin na'urar ka mayar da tsarin talabijin zuwa PAL ko Auto. Na biyun kuma, ita kanta na'urar Inna ka gwada ta da faifan da ka san yana yi, kuma ka gwada naka a gidan maƙwabci. Idon na'ura yana raunana da shekaru da ƙura, ya riƙa karanta faifan kamfani yana ƙin wanda aka buga a gida. In haka ne, sabuwar na'ura ta fi arha a kan ci gaba da ɓata faifai.

To, a kai wa masu ɗaukar biki ko kada a kai? Yaya yana da gaskiyarsa. Ya fitar da kuɗi, yana nesa, ba ya ganin wahalar da kake sha, abin da yake ji kawai mahaifiyarsa tana jira. Fushinsa na ɗan da ke son ya ga an yi wa uwarsa abin da ta roƙa ne. Yayarka ita ma tana da gaskiya, kuma a wannan gaɓar ina bayanta ba tare da wata-wata ba. Matan da ke cikin kaset ɗin kamun nan sun saki jiki ne don sun san a cikin gida suke. Da yawansu yanzu matan aure ne da 'ya'ya manya, wasu sun rasu. Fayil in ya kwana a kwamfutar shago, babu mai iya rantsuwa inda zai ƙare a zamanin TikTok, ko da mai shagon mutumin kirki ne, don ba shi kaɗai ke taɓa kwamfutar ba. Mafitar ita ce a raba kaset ɗin gida biyu. Na waje, irin su hawan salla da Argungu, babu laifi a kai shago in kana son rage aiki, da sharaɗin ka zauna a wurin, a ɗauka kai tsaye a cikin rumbunka, ka tafi da kaset ɗinka a ranar. Na cikin gida kuwa ba sa fita. Ko ka yi hayar kayan mai shagon zuwa gida, ko ka biya shi ya nuna maka a kan kaset na waje, ka ƙarasa sauran da kanka. Ranar da za a yi na kamun, ka kira yayarka ta zauna a gaban kwamfutar, kai ka danna ka ba ta wuri. Ita za ta faɗi abin da za a sa a faifan kowa da abin da zai tsaya a nata da na Inna.

'Yan ɗayan ɗakin kuma kada ka ɗauki maganarsu a matsayin neman rigima. Mahaifinsu ne kamar yadda yake naku, kamarar da kaset ɗin kuma cikin abin da ya bari suke. Wataƙila abin da ke cin su shi ne an fara aikin ba a sanar da su ba. Ka roƙi Yaya, a matsayinsa na babba, ya kira babbansu ya gaya masa adadin kaset ɗin da abin da ke cikin kowane, ya kuma yi alkawarin kowane ɗaki zai samu nasa kwafin. In akwai mai sha'awa a cikinsu, ya zo ku yi tare, ka samu mai taya ka zaman awanni 12 ɗin nan. Masu son kallo a waya za ka iya juya musu zuwa MP4 da manhajar HandBrake, amma ku yi yarjejeniya tun kafin a raba cewa abin da ya shafi mata ba ya hawa WhatsApp. Na Argungun nan ma ku riƙe shi da kyau. Bikin da aka fara tun 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Abin da Baba ya ɗauka a bakin kogin Matan Fada kafin wannan tsaikon yana da daraja har ga waɗanda ba 'yan gidanku ba.

Inna kuma, "ya aikin?" da take ce maka ba tuhuma ba ce. Kewar mijinta take yi, kuma kai ne ka riƙe ƙofar. Kada ka sa ta jira sai 12 ɗin sun kammala. Ka zauna da ita yau ka gaya mata cewa kamarar tana buƙatar gyara, kuma kana bi a hankali ne don kada a rasa komai. Ka tambaye ta wanne take so ta fara gani, shi za ka fara yi da zarar kamarar ta dawo ta ci gwaji. Ranar da faifan farko ya yi, kada ka saka mata ka fita. Ganin mamaci yana motsi yana dariya a karon farko yana da nauyi ƙwarai, wani ya ji sanyi, wani kuka ya ƙwace masa, wani ya ce a kashe bayan minti biyu. Ka sa yayarka ko wata aminiyar Inna ta kasance a ɗakin, rimot yana hannunka, in ta ce a tsaya a tsaya. Kai ma ka shirya wa zuciyarka, don awannin da za ka yi kana kallon Baba kai kaɗai a gaban kwamfuta ba ƙaramin abu ba ne. In ya yi maka yawa, ka bari zuwa gobe.

Bayan an gama kada a zubar da kaset ɗin. A mayar da kowane farkonsa, a sa shi a gidansa, a jera su a tsaye a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Faifan da aka buga a gida ba ya son rana da zafi, kuma yana ƙarcewa, saboda haka ka ajiye fayilolin ISO a rumbun, duk wanda nasa ya lalace a buga masa wani cikin 'yan mintuna. Ka rubuta suna a kan faifan da alƙalamin maka mai laushin baki, kada ka manna takarda.

Ka sake rubuto min da lambar samfurin kamarar, tana rubuce a ƙasanta, da sunan na'urar DVD ta Inna da ko tana da kafar filash a gaba, da kuma ko zaren nan ya tsinke ne ko lanƙwashewa kawai ya yi. Da waɗannan zan faɗa maka irin wayar da za ka saya da saitin da ya dace. Kafin nan, ka kira Yaya. Allah ya yi maka albarka, ya sa aikin ya zo da sauƙi.